Dangar da Muka Kafa a Unguwar Masaƙa

Inna ba ta zo Faransa don sha'awa ba, ciwon ƙoda ne ya kawo ta. Bayan rasuwar mahaifinmu a Maraɗi jikinta ya riƙa kumbura, likitoci suka ce sai an dinga yi mata wankin ƙoda a kai a kai har iyakar rayuwarta. A gida kuwa babu wanda ya rage da zai tsaya mata tsayin daka, domin mu biyu ta haifa, ni da yayana, kuma dukanmu muna nan ƙasar. Da ƙyar muka samo mata takardu. Aka sauke ta a gidan Yaya da ke La Courneuve, a gefen Paris, can saman wani dogon bene.

Jikinta ya yi sauƙi, ita kuma ta lalace. Yaya da matarsa tun da safe suke fita aiki, su bar ta da talabijin da ba ta jin abin da yake faɗa. Ranar Asabar sukan kai ta kasuwar Goutte d'Or ta sayi kuka da daddawa, ta ji ana ciniki da Hausa, fuskarta ta ɗan washe. Da an dawo an shiga na'urar hawa bene, shi ke nan, ta koma gidan jiya. Wata rana ta kira ni a waya, ko gaisuwar kirki ba ta bari mun gama ba.

"Ke, ku maishe ni gida," in ji ta. "Kun aje ni bisa kanta kamar kwanon da ba a cin tuwo ciki. In mutu cikin mutane ya hi mini wanga zama."

Na san ma'anar komawarta gida, ita ma ta sani. Tsoro ya kama ni, kuma ni idan na tsorata faɗa nake yi, don haka na yi mata faɗa, ta kashe wayar.

A Lyon nake zaune, ina aiki a ɗakin gwajin ruwan sha, maigidana kuma yana koyar da lissafi a makarantar sakandare. Muka yi shawara mu bar ɗan ɗakinmu na cikin gari mu nemi gida mai ƙasa, inda tsohuwa za ta buɗe ƙofa ta taka turɓaya. Abin da ƙarfinmu ya kai shi ne wani ɗan gida a tsohuwar unguwar masaƙa, gabas da birni, kusa da inda taragon lantarki yake juyawa. Inna ta yarda za ta zo ta gwada, da sharaɗi guda: duk ranar da aka sami mai tafiya gida wanda zai riƙe ta a hanya, kada wanda ya tare mata gaba. Na ce na yarda, alhali a raina ban yarda ba.

Unguwar nan ba ta tashi kamar yadda garuruwa ke tashi ba, wani ya kafa bukka wani ya zo ya raɓe shi. Masu masaƙa ne suka tsara ta bayan yaƙin duniya na farko, a filin da babu komai sai gonaki, suka gina ta domin ma'aikatansu. Zaren siliki ake yi, amma ba na tsutsa da aka san Lyon da shi ba, irin wanda ake narka itace da sinadari a ja shi ya zama zare. An rufe masaƙar tun kafin a haife ni. Abin da ya rage shi ne doguwar fuskarta mai jerin tagogi, da wani ɓangare na rufinta mai haƙora irin na zarto, da babbar ƙofar ƙarfe. Kowane titi ka bi a unguwar, in dai ka miƙe, ƙofar nan zai kai ka.

A da, in kana son sanin matsayin mutum ba sai ka tambaya ba, duba inda yake kwana. Gidan darakta yana tsaye shi kaɗai cikin manyan itatuwa, a gefen da iska ke fitowa, domin warin sinadarin, wanda aka ce na ruɓaɓɓen ƙwai ne sak, ya wuce ta kan wasu. Bayansa gidajen injiniyoyi, kowa da nasa. Sai na masu kula da ma'aikata, gini ɗaya iyali biyu. Sai namu, na ma'aikata, gini ɗaya a tsaga shi huɗu, kowace ƙofa na kallon nata gefen, kowane iyali da ɗan lambunsa. Can ƙarshe kuma dogayen benaye da aka ƙara daga baya saboda baƙin da suka zo a makare. A tsakiya akwai coci, da makaranta, da kantin masaƙa, da rumfar wanki, da wani babban gida inda 'yan matan da aka ɗebo daga ƙauyuka suke kwana a hannun matan coci. Mutum zai iya zuwa duniya, ya yi karatu, ya yi aure, har a ɗauki gawarsa, bai taka ƙasar da ba ta masaƙa ba. Ranar da muka karɓi makulli maigidana ya dubi layin namu ya ce, ashe duk digirorin nan da muka tara a layin leburori za mu ƙare.

Da bazara muka ɗauko Inna. Ta shiga ta duba ɗakuna. Da na buɗe mata ƙofar baya ta ga ƙasa, sai ta cire takalmi ta taka. Na ji daɗi har na fara yi wa kaina kirari. Amma da ta ɗaga kai sai ta ja mayafi ta rufe fuska. Shingen da ya raba lambunmu da na maƙwabta bai wuce ƙugu ba, haka kuma na kowa yake, daga farkon layi har ƙarshensa. Daga inda muke tsaye kana hangen wani tsoho yana ban ruwa da ɗan gajeren wando, kana hangen shanyar mutane har da abin da bai kamata a gani ba.

"Wanga ba tsakar gida ba ce," in ji Inna. "Bakin kasuwa ne."

Ta koma ciki, ta zauna a bakin gado kamar yadda take zama a Paris.

Maganin abin bai ba mu wahalar tunani ba. Duk wanda ya tashi a gidan Hausa ya san gida ba ya zama gida sai an kewaye shi. Maigidana ya je kantin kayan lambu ya sayo zanar kara irin wadda ake sayarwa a naɗe, mai tsawon da ya wuce kan mutum, ya wuni yana ɗaure ta da waya a kowane gefe. Shi da ko ƙusa bai iya bugawa a miƙe ba, ranar ya ga ta kansa, amma danga ta tsaya. Har yau ina cewa ta yi kyau. Inna ta fito ta zagaya, ta taɓa, ta sa aka shimfiɗa mata tabarma. Ta cire kallabi ta sha iska, ta yi alwala a waje da butarta, har ta ce in kawo mata wake ta tsince. Na kira Yaya na ce masa mun gama da wannan matsala.

Sai gaisuwa ta ɗauke. A hagunmu akwai wata tsohuwa doguwa mai dogara sanda, a damanmu kuma wata gajeriya mai ƙiba da ba ta da aiki sai kula da tumatirinta. Inna ce ta raɗa musu mai sanda da mai tumatir, haka muke kiransu har yau. Lokacin da muka tare dukansu sun yi mana maraba, mai tumatir har da kawo mana ganyen salak. Bayan danga kuwa, in na gamu da mai sanda a titi na gaishe ta, sai ta dube ni ta kawar da kai. Mai tumatir ta daina fitowa lambu sam. Ni kuwa na riga na yanke hukunci. Na shekara da shekaru a ƙasar nan, na san irin kallon da ake yi wa mace baƙa mai ɗaurin kallabi. Na ce wa maigidana, ga shi nan, sun gane ko su wane ne mu, halinsu ya fito. Ya ce in bi a hankali. Na ce shi ya bi.

Inna ce ta gano abin, domin ita ke wuni a gida, kuma duk mai danga ya san tana da 'yan kafofin leƙe. Wata safiyar Asabar ta yafuto ni da hannu, ta nuna mini wata kafa ta gefen hagu. Na leƙa. Mai sanda ta fito ƙofar bayanta, ta tsaya tana fuskantar dangarmu, ta ɗaga hannu sama kamar za ta yi wa wani magana, sai ta sauke shi. Ta koma ciki. Jim kaɗan muka ji ƙarar sandarta a titi.

"Kullum haka take," in ji Inna. "Bi ta ki gani."

Na bi ta daga nesa. Ƙofarta tana kallon titin gaba, ta mai tumatir kuma tana kallon titin baya, saboda yadda aka tsaga gidajen. Sai da ta gangara har rumfar wanki, tana tafiya tana hutawa, ta zagayo ta ɗaya titin, sannan ta isa ƙofar da, in da ta lambu ne, tana iya jefa mata dutse. Ta ƙwanƙwasa, mai tumatir ta buɗe, suka dubi juna, ta juyo.

Da na dawo Inna tana zaune ta haɗa rai.

"Kun san abin da kunka yi? Kun toshe ma mutane hanya."

"Inna, wace hanya? Babu hanya ta cikin lambunmu."

"Akwai. Ke ce ba ki gan ta ba. Tahi ki tambayo."

Na tafi, ba da son raina ba. Mai sanda ta buɗe mini, ta bar ni tsaye a bakin ƙofa na ɗan lokaci kafin ta ce in shigo. Sai na yi magana da ƙarfi take ji, ita ma da ƙarfi take yi. Ta zaunar da ni a kicin, ta kawo kofi, ta fara ba ni labari tun daga nesa, kamar yadda tsofaffin kowace ƙasa suke yi.

Mahaifinta daga Italiya ya zo, in ji ta, iyayen mai tumatir kuma daga Sifaniya. A layin nan aka haife su, a makarantar can suka yi karatu, kuma rana ɗaya jiniyar masaƙa ta kira su aiki suna 'yan mata. A ɗakin naɗe zare aka sa su, wani zungureren ɗaki mai cike da injuna, inda ƙara ba ta barin mutum ya ji ko muryar kansa. Ba a yarda mace ta bar bakin injinta ba. Saboda haka matan suka koyi magana ba murya, da hannu da motsin leɓe, daga wannan bango zuwa wancan. Da haka ake tsegumi, da haka ake sanar da zuwan mai sa ido, da haka ita kanta ta sami labarin cewa wani saurayi daga ɗakin rini yana sonta. Ƙarar ta cinye musu kunne, maganar hannun kuma ta zauna.

Na tambaye ta shingen fa, me ya sa kowa nasa gajere ne. Ta yi dariya. Dokar masaƙa ce, in ji ta. Akwai mai gadi da ke zagayawa a kan keke yana leƙa lambun kowa, wanda ya bar nasa ya yi ciyawa a kira shi ofis. Sun tsani mutumin, sun tsani dokarsa. Amma da aka rufe masaƙa, mai gadi ya tafi, mazaje suka mutu ɗaya bayan ɗaya, 'ya'ya suka watse, babu wanda ya ƙara wa shingensa ko taƙi. Kowace safiya sai ta fito ta ɗaga hannu, ƙawarta ta amsa daga can, su tambayi juna kwana da ƙafa da abin da za a dafa. Wadda ba ta fito ba, a je a buga mata ƙofa.

"Waya ba ta yi mana amfani, madam, ba ma ji," in ji ta. "Ban san ko ta tashi ba sai na je da ƙafata. Kin kuwa ga ƙafar."

Na ce me ya hana ta faɗa mana. Ta ce lambunmu ne, haya muke biya, kuma ta ɗauka ganinsu ne ba ma son yi. Kunya ta rufe ni, tausayi kuma ya cika mini ciki, sai na shanye kofin, mai ɗaci kamar maɗaci.

A hanyar dawowa lissafi nake yi. In an cire danga Inna ta koma bakin gado, daga bakin gado kuma sai filin jirgi. In an bar ta, tsohuwa tana jan ƙafa kullum saboda mu. Na zayyana wa Inna komai, ina shirin cewa mu ɗan jinkirta mu yi tunani. Ba ta bari na kai nan ba. Ta kira maigidana, wanda take ce wa Malam tun ranar da aka ɗaura mana aure.

"Malam, ɗauko almakashinka. Nan kusa ga ƙohwa ka bar mini lungu inda nika alwala. Sauran duk ka sauke shi."

"Inna, za ki iya zama a fili?" in ji shi.

"Mayahi gare ni. Su mi ag gare su?"

Ya sauke. Abin da ya wuni yana ɗaurawa bai ɗauke shi komai ba wajen kwancewa, kuma ya yi ta mita a kan wayar da ta yanke shi a banza.

Washegari Inna ta fito a lulluɓe, ta zauna a kan kujera a bakin lungunta, ta juya musu gefe. Tsofaffin biyu suka fito, hannaye suka tashi, leɓuna suka yi ta motsi ta saman kanta, kamar ba za su gama ba. Can mai tumatir ta dubi Inna, ta haɗa tafukanta ta kwantar da kunci a kai, ta ɗaga gira. Ko ba a fassara ba, an tambaye ta kwana. Inna ta dafa ƙirji ta gyaɗa kai.

Abin da ban hango ba ke nan. Wata da watanni ina fama da Inna ta koyi ko gaisuwa da Faransanci, ta ce harshenta ya tsufa. Ga shi an zo wurin da ba a bukatar harshe, kuma matar da ta yi rayuwarta tana yi wa yara faɗa da ido a gaban baƙi ba za a koya mata wannan ba. Kafin tumatir ya nuna ta san alamar ciwo, da ta ruwan sama, da ta likita, da wata ta rashin kunya da suke yi wa tsohon nan mai gajeren wando, wadda ta ƙi fassara mini. Ita ma ta ƙara musu nata. In ta ɗaga tafuka zuwa kunne sun san salla za ta yi, su dakata. In ta shafa dantsenta sun san ranar asibiti ce, mota za ta zo ɗaukarta. Mayafin ya sauko daga fuska zuwa kafaɗa. Suka ba ta irin wake, ta ba su yaji, mai tumatir ta ɗanɗana ta yi ta hawaye tana dariya.

Duk da haka Inna ba ta janye sharaɗinta ba, ni kuma ban kuskura na tambaya ba. Akwatinta yana nan a shirye a bayan ƙofa. Ranakun da ta dawo daga wankin ƙoda a galabaice takan kwanta ta juya wa bango fuska, ta yi ta kiran sunayen unguwannin Maraɗi. A irin ranakun nan ba na iya cin abinci.

Da sanyi ya shigo idon mai sanda ya fara yana. Ta daina hangen hannun ƙawarta daga lambu biyu, sai dai na kusa. Ban san ranar da abin ya fara ba, na dai fito wata safiya zan tafi aiki na iske Inna tsaye a tsakiyar lambu cikin rigar sanyin maigidana, ta dubi dama ta karɓi magana, ta juya hagu ta maimaita ta da manyan alamu, ta jira amsa ta mayar. Ina zargin tana ƙara gishiri a hanya, domin dariyar da suke yi ta fi ƙarfin labarin miya.

Ana cikin haka Yaya ya kira daga Paris wata ranar Lahadi da hantsi. Muka gaisa a gurguje, ya ce in sa wayar a fili Inna ta ji. Wani Alhaji ɗan garinmu, mai kanti a unguwar Barbès, zai tafi gida da iyalinsa ƙarshen wata, ya ce zai riƙe Inna har ƙofar gida in ana so. Yaya ya ce shi dai ya yi alkawari ba zai ɓoye mata ba, ga shi ya faɗa. Ni kuwa na jingina da bango.

Inna ta gyara zama. Tana murza casbinta tana kallon ƙasa.

"Ka yi ma Alhaji godiya," in ji ta. "Ka ce mishi ya tahi, Allah shi kai su lahiya."

"Inna, kin fasa ke nan?"

"Ban ce na hwasa ba. Mai sanda ba a yi mata aikin ido ba tukuna, sun ce sai bazara, kuma ɗaya za su yi su bar ɗaya sai ya warke. In na tahi, wa za ya tsaya tsakaninsu? Kai?"

Yaya ya yi wata dariya da na san ba dariya kaɗai ba ce. Ni na shige kicin na buɗe famfo don kada a ji ni, na yi kukan da na daɗe ina riƙewa, na farin ciki, har da shessheƙa. Ban gama share fuska ba na ji tana ƙwala mini kira daga ƙofar baya. Wai in zo in sauko mata da tufafinta daga akwati in jera a kabad, duk sun yamutse, kuma in yi sauri, mutane na jiran ta a waje.